Kafin ka zargi katin girafik

Yawancin masu kawo kwamfuta shagona a gefen Taminus tun daga gida suke yanke hukunci: "Oga, katin ne ya mutu, a canza." Masu gidajen gem ne daga Farin Gada da Unguwar Rogo, sai ɗaliban Jami'ar Jos masu buga ƙwallo a laftof. Wasa yana tsinkewa, fanka tana kuka, sai a ɗora wa katin girafik laifi. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Tambayata ta farko ita ce daga ina aka samo wasan. Amsar kusan ɗaya ce: an tura shi a filashi, an kuma ce a kashe manhajar tsaro kafin a saka. Nan gizo yake saƙar. A 2021 kamfanin Avast ya fallasa wata cuta mai suna Crackonosh da aka cusa cikin fasassun kwafin wasanni irin su GTA V da PES 2018. Tana kashe Windows Defender, ta ajiye alamar bogi a gurbinsa don mai na'ura ya zaci yana da kariya, sannan ta sa furosesa haƙar kuɗin intanet na Monero. Ta kama kwamfuta sama da 222,000. Wutarka ce, man janaretanka ne, ribar kuwa ta wani. Akwai 'yan'uwanta da kan katin suke hawa. Gwajin ba wuya: rufe komai, ka bar na'urar ta zauna. In bayan ɗan lokaci fanka ta ci gaba da ihu, iska mai zafi na fita ta baya, akwai mai aiki a ciki da ba kai ka ɗauke shi ba.

Wanda ya sayi na halas ma bai tsira daga ciwon kai ba, kuma wannan yana ba ni haushi. Makullin Denuvo, wanda wani kamfanin Ostiriya ya fito da shi a 2014, yana ɗaure wasa da kayan cikin na'urarka. Ka canza furosesa ko wani babban sashe, sai ya ɗauka sabuwar kwamfuta ce, ya nemi intanet. Na'ura biyar kawai yake yarda da su cikin awa 24. Mai gidan gem da ya kwafi faifai ɗaya ya raba wa kwamfutoci takwas zai ga wasan ya ƙi buɗewa a ta shida, ya rantse kati ne. A 2021 ma da Intel ya fitar da furosesa zubi na 12, wasanni da dama sun ƙi tashi saboda makullin bai gane sabon tsarin ba, sai da aka yi gyara. Duk da haka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta haramta fasa irin wannan kariya a Najeriya. Mai son kauce wa duka biyun yana da hanya: eFootball kyauta ne, Epic Games na raba wasa kowane mako, shagon wasanni na GOG kuma ba ya sa makulli.

In an tabbatar katin ne, to a yi hattara wajen sayen na hannu. Bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da kati a Satumba 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, RX 580 na gaba-gaba. Juya katin ka duba bayansa: in allon ya yi launin rawaya a saitin ƙwaƙwalwa, ko maiƙo na tsatsowa, ko kan kusoshi ya cinye, ya sha wuya. Akwai kuma tsohon GTS 450 da ake sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce, takan tona irin wannan. Ka sa mai kaya ya kunna wasa mai nauyi na rabin awa a gabanka, kana kallon ma'aunin zafi.

Kada kuma sanyin Jos ya ruɗe ka. Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya kati tun Disamba. A hure shi, a sabunta man da ke tsakaninsa da ƙarfen, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon kati ba.