Hukuncin Ciniki Da Bashi Idan Sababbin Kuɗi Sun Fito

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sake kuɗi ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutun Larabci zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, ya maye gurbin na Rumawa. Saboda haka malamai ba su ga laifi ga hukuma ta sake kuɗi ba. Abin tsoro shi ne haƙƙin mutane da ke salwanta a tsakanin tsohon kuɗi da sabo.

Dattawan Kankiya da Kusada ba su manta da ranar 1 ga Janairu, 1973 ba, lokacin da naira da kwabo suka karɓi wurin fam da sule. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, sisi kuwa kwabo 5. To, ga inda gizo ke saƙar: a tsohon lissafi kwabo 12 ne sule, a sabo kuwa kwabo 10. Suna ɗaya ne, amma sabon kwabo ya fi tsoho daraja.

Daga nan hukunci uku ke fitowa.

Na farko, ciniki. A misali, tsohuwa ta taso daga ƙauyen Kusada zuwa kasuwar Kankiya, ta saba sayen gishirin kwabo 12. Idan mai gishiri ya karɓi sababbi 12 ya ba ta mudun jiya, bai gaya mata bambancin ba, ya ci kwabo 2 da jahilcinta. Wannan algus ne, kuma Manzon Allah ya yi kakkausan hani a kansa.

Na biyu, bashi. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa idan kuɗin da aka ci bashi da su sun ɓace daga hannun jama'a, ƙimarsu ake biya. Wanda ake bi tsofaffin kwabo 60, watau sule 5, sai ya biya sababbi 50. Ba a ƙara masa, shi ma ba ya ragewa.

Na uku, canji. Imamu Malik ya ɗauki duk abin da mutane suka yarda ya zama kuɗi, ko da fata ce, da hukuncin kuɗi. Don haka malaman zamani suka ce naira da naira sai daidai wa daida, kuma hannu da hannu. A farkon 2023, bayan fitowar sababbin takardun 200 da 500 da 1,000, an ga masu sayar da tsabar naira da ƙarin naira saboda ƙarancinta. Ƙarin da ya wuce ladan ɗawainiya na gaskiya riba ne, ko da wane suna aka kira shi.

Har wa yau, tsabobin kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a Fabrairun 2007 sun daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Amma rashin ƙananan kuɗi bai halatta wa ɗan kasuwa riƙe canjin mai saye ba, sai da yardarsa. Kwabon da aka raina a duniya, za a tambaye shi ranar da babu dinari babu dirhami.

Allah Shi ne Masani.