NANA ASMA'U ƊIYAR SHEHU: DARASI A KAN HIDIMA GA AL'UMMA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa ayyukan ɗan Adam suna yankewa da mutuwarsa in ban da guda uku, wato sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Darasinmu na wannan fitowa yana kan wata baiwar Allah wadda ilminta da sadakarta ba su yanke ba har yau, ita ce Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sarakunan wannan yanki namu na Magariya da Dungas ba su bi tutar Sakkwato ba, amma aikin alheri gadon kowane Musulmi ne.

Rayuwarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel wajen shekara ta 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbaren mahaifinta.

Aikinta

Yaƙe-yaƙe sun bar ƙauyuka cike da zawarawa da marayu da matan da ba su san ko farillan alwala ba. Domin haka ta kafa tsarin da ake kira Ƴan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai mutunci daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji kan jagoranci tsofaffin mata da ƴan mata zuwa wurin Nana, su haddace darussa cikin waƙa, su koma su koya wa matan aure waɗanda hidimar gida ta riƙe. Hatsi da zuma da mai da tufafin da suke kawowa sadaka, Nana takan rarraba su ga mabukata. Tare da karatu, an hore su da jinyar marasa lafiya, da taimakon raunana, da wankan gawa, da sharar masallaci. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta riƙe wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne, Nana ba ta taƙaita marsiyyarta ga sarakuna da manyan malamai ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, tana ambaton kyawawan halayensu domin na baya su yi koyi. Wannan kuwa sunna ce. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan mai sharar masallacin Madina wadda aka rufe ba a sanar da Manzon Allah (S.A.W.) ba. Da ya ji, sai ya nemi a nuna masa kabarinta, ya yi mata salla.

Abin da ya hau kanmu

A garuruwanmu, in mai hidimar jama'a ya rasu, ko ungozoma ce, ko mai gyaran rijiya, ko mai haƙar kabari, mukan cika wurin zaman makoki da yabo, a yi sadakar uku da ta bakwai, a watse, ba wanda ya tambayi wa zai ɗauki aikin. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, amma yabo kaɗai ba ya jinyar maras lafiya.

Bukatar kuwa a fili take. Kowace damina zazzaɓin cizon sauro da tamowa sukan haɗu a kan yaranmu daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A daminar 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa kimanin yara 10 ne suke rasuwa kowace rana a asibitin Magariya. Da yawa ana kai su ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsu.

Saboda haka muna kira ga kowane masallaci:

1. Ya zaɓi dattijai mata biyu masu amana, a koya musu hukunce-hukuncen tsarki da salla, ma'aikatan lafiya kuma su koya musu alamomin haɗari ga yaro, kamar jijjiga da kumburin ƙafa da ƙin shan nono, su riƙa zagaya gidaje.

2. Ya ware wani abu daga sadakar Juma'a da zakkar amfanin gona domin kuɗin kai maras lafiya asibiti.

3. Matasa masu ƙoshin lafiya su riƙa ba da jini, domin zazzaɓi yakan ƙarar da jinin yaro.

4. Duk ranar da aka rufe mai hidima, kada a tashi daga ta'aziyya sai an san wanda zai gaje shi.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da dukan waɗanda suka yi wa al'umma hidima, waɗanda muka sani da waɗanda Shi kaɗai Ya sani. Ya ba yaranmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.