Hayaniya Cuta Ce: Mu Kiyaye Kunnuwanmu da Haƙƙin Maƙwabta

Jama'a, an daɗe ana yi mana gargaɗi a kan tsabtar ruwan sha, da yashe kwata, da kwana cikin gidan sauro. Amma akwai wata ƙazanta da ba a cika zancenta ba, domin ido ba ya ganinta, tsintsiya kuma ba ta share ta. Ita ce hayaniya. An rubuta wannan 'yar takarda ne domin mai gida da uwargida, mai sana'a da ɗalibi, kowa ya san abin da ƙara mai yawa ke yi wa jiki, ya kuma san abin da ya rataya a wuyansa.

Da da Yanzu

Kakanninmu ma sun san kiɗa da shewa. Akwai tambari da kakaki a ƙofar fada, akwai kalangun mahauta ranar kasuwa, akwai gangar noma wurin gayya, ga kuma sanƙira mai shela. Sai dai kowane sauti da lokacinsa da saƙonsa. In an ji kalangu, an san an yi yanka. In ladan ya yi kira, an san lokacin salla ya yi. Da saƙo ya isa, sai gari ya lafa. Muryar mutum da fatar ganga kuwa suna da iyakar da ba sa wucewa.

Yau inji ya kawar da wannan iyaka. Da an ɗauke wuta, janareta ya tashi a kowane lungu. Injin niƙa da na markaɗe suna cikin unguwa. A kan titi, mai mota da mai adaidaita sahu suna ta danna ham, ko da sun ga hanya a cushe take. Mai tallar magani ya kafa lasifika a bakin kasuwa, gidan biki kuma an kwana ana kiɗa. Mun saba da abin har mun daina lura da shi, alhali sabo ba ya hana cuta yin aikinta.

Yadda Kunne Ke Aiki

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. In ta shiga kunne sai ta bugi dodon kunne, shi kuma ya motsa wasu 'yan ƙasusuwa guda uku, su miƙa girgizar zuwa can ciki, inda akwai wani ɗan bututu mai lanƙwasa cike da ruwa. A cikin bututun nan akwai ƙwayoyin halitta masu ƙananan gasu, wajen 16,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta.

To, a nan gizo ke saƙar. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da waɗannan ƙwayoyi, in ta ɗore sai ta kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Babu allura, babu jiƙo da zai dawo da ita. Ɓarnar ba ta zuwa da ciwo, shi ya sa mutum ba ya ankara. Alamarta ta farko ita ce kunne ya riƙa kuka bayan an bar wurin ƙara. Daga baya sai mutum ya ji ana magana amma ya kasa tsintar kalmomi, musamman a cikin taro, har a fara cewa ya cika "na'am?"

Ma'aunin Ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Raɗa takan kai desibel 30, hira ta yau da kullum wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata sun ce daga desibel 85 haɗari ke farawa, kada mutum ya wuce awa 8 a cikinsa a rana. Duk ƙarin desibel 3 kuwa yana rage lokacin da rabi: a 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, in an kai 100 minti 15 kacal. Wanda ya zauna gaban lasifikar biki tun daga isha har tsakar dare, sai ya yi wa kansa lissafi.

Ba sai kana da na'ura za ka gane ba. In mutum yana tsaye taku ɗaya daga gare ka, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to wurin nan yana cin kunnenka.

Matasa su ma su yi hattara da abin sauraron da suke cusawa a kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, ta kuma keɓe ranar 3 ga Maris ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan lafiyar ji.

Illa Ba a Kunne Kaɗai Ta Tsaya Ba

Ido yana da fatar da ke rufe shi, kunne kuwa a buɗe yake ko mutum na barci. Saboda haka ƙarar dare tana yanke barci, ta sa zuciya ta ƙara bugu, ko da mai barcin bai farka ba. In aka ɗauki shekaru a haka, ana samun ƙarin haɗarin hawan jini da ciwon zuciya, ga saurin fushi da kasala da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar ɗakin kwana ta wuce desibel 30 da dare, ta ajin makaranta kuma kada ta wuce 35. Binciken da aka yi a makarantun da ke kusa da filayen jirgin sama a Turai ya nuna cewa yaran da ke cikin ƙara sukan yi jinkiri wajen fahimtar karatu. Sai mu tuna da 'ya'yanmu da ke karatu a gefen titi ko kusa da injin niƙa.

Doka da Addini

A Nijeriya akwai hukumar kula da ƙa'idojin muhalli, wato NESREA, wadda aka kafa a 2007. A 2009 aka fitar da dokokin ƙayyade ƙara, waɗanda suka bambanta abin da aka yarda da shi da rana da na dare, da na unguwar zama da na wurin masana'antu. Tun kafin wannan, addini ya riga ya yi horo. A cikin Suratu Luƙman, daga nasihohin da uba ya yi wa ɗansa akwai sassauta murya. Kowa kuma ya san girman haƙƙin maƙwabci. A bayan katangarka akwai maras lafiya, akwai mai jego da jaririnta, akwai tsoho, akwai wanda ya kwana aiki. Barcinsu nasu ne. Wanda ya hana su ya ɗauki abin da ba a ba shi ba.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Na ɗaya, mai janareta ya riƙa yi masa gyara, ya ajiye shi a fili nesa da taga, ya kashe in dare ya yi nisa. Kada a kuskura a shigar da shi ɗaki ko wani rufaffen wuri don a rage wa maƙwabta ƙara, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Na biyu, mai injin niƙa, da mai walda, da mai yankan katako, su sayi abin toshe kunne na ainihi, su ba yaransu. Auduga ba ta wadatarwa.

Na uku, direba ya tuna an yi ham ne don gargaɗi. Ya ɗauke hannu a kusa da asibiti da makaranta.

Na huɗu, masu biki su sa wa kiɗa lokacin tashi, su nisanta yara daga lasifika. Masu wa'azi da masu talla su daidaita sauti daidai da taron da ke gabansu.

Na biyar, in maƙwabci ya dame ka, fara yi masa magana cikin mutunci, domin sau da yawa bai san ƙarar na isa ɗakinka ba. In bai ji ba, a kai wa mai unguwa, daga nan sai hukuma.

Wanda kuma kunnensa ke yawan kuka, ko ya ga jinsa na raguwa, ya je asibiti a duba shi, kada ya ɗiga mai ko ya sa tsinke. Rigakafi ya fi magani, balle a cutar da ba ta da magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba.