Santsin Cikin Randa

Idan randa ta yi kwanaki ba a wanke ta ba, ku sa hannu ku shafa cikinta. Za ku ji santsi kamar yauƙin kuɓewa. Mutane da yawa suna tsammani laka ce ta kwanta. Ba laka ba ce kaɗai. Wannan santsi gida ne. Masu rai suka gina shi, suna kuwa zaune a ciki.

Maginan su ne ƙwayoyin nan da likitoci ke kira bakteriya. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sai an jera kamar 50 kana su kai kaurin gashin kai guda. A shekara ta 1683 wani mutumin ƙasar Holan, Lewenhuk, ya kankaro farin dauɗar haƙoransa, ya duba a madubinsa, ya gan su suna motsi. Ba dukansu ke kawo cuta ba. Waɗansu su ke mai da madara kindirmo. Amma ƙwayar kwalara danginsu ce, ita ma ta iya irin wannan gini.

To, ƙwaya ba ta da ido, ba ta da hannu. Ƙaƙa ta kan san ta iso bangon randa?

Da yawa cikinsu suna da wutsiya siririya. Wutsiyar tana juyawa, tana tura ƙwaya cikin ruwa. Ku tuna da mace mai burga miya. Ko ba ta leƙa ba, ta kan san maburgi ya taɓa gindin tukunya, gama ta ji ya yi nauyi a hannunta. Haka ƙwaya ta ke. Cikin ruwa wutsiya na juyawa sakayau. Da ta gogi bango, sai juyin ya yi nauyi. Nauyin nan shi ke ba ta labari.

Akwai wata dabara kuma. Waɗansu suna da gashi siri-siri a jiki. Ƙwaya ta kan miƙa gashin, ta jawo shi, kamar masunci da fatsa. In ya dawo da sauƙi, ba kome. In ya turje, ya kama wani abu ke nan.

Da fari kamun ba shi da ƙarfi. Ƙwaya ta kan rataya da gefe ɗaya, ta kan ma saki ta yi gaba. A wannan lokaci ɗauraya tana iya kwashe da yawa. Amma in ta iske abinci a wurin, watau ɗan dattin da ya riga ya manne a bango, sai ta kwanta sosai. Ta daina iyo. Ta shiga fid da wani danƙo daga jikinta, kamar yadda itace ke fid da ƙaro. Danƙon ya liƙe ta da bango, ya kuma lulluɓe ta. Sa'an nan ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Inda akwai ɗumi da abinci isasshe, wata iri ta kan rabu kowane minti 20. A randa abin bai kai wannan sauri ba, amma kwanaki kaɗan sun isa. Baƙi su zo, su manne a danƙon na farko. Har su kan saki wani abu cikin ruwa, kamar ƙanshi, wanda da shi su ke gane yawansu.

Ga inda haɗarin ya ke. Maganin tsabtace ruwa yana kashe masu iyo, amma na can ƙarƙashin danƙo sau da yawa su kan tsira. In gida ya cika, waɗansu su ɓalle su koma cikin ruwa. Saboda haka mace ta iya ɗebo ruwa mai kyau a famfo, ta zuba a randa mai santsi, yara su sha, cikinsu ya ɓaci. Sai a ɗora wa famfo laifi, alhali kuwa randa ce.

Ɗauraya ba ta ciro danƙo, sai cuɗa. A zubar da sauran ruwa. A cuɗe ciki da soso da sabulu, ko da toka. A matsa wa gindi da ƙarƙashin wuya da duk inda ya tsage, gama nan su ke fakewa. A ɗauraye, a shanya a rana ta bushe. Kada a manta da moda, ita ma tana yin santsi. Jarka kuwa bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga. A zuba mata wankakkiyar tsakuwa da ruwan sabulu, a girgiza da ƙarfi.

Dauɗar haƙori ma irin wannan gini ce. Kurkure baki ba ya fid da ita, sai an goga da asuwaki.

Aikin gida: kowa ya shafa cikin randar gidansu da yatsa mai tsabta. Ya tambayi ranar da aka cuɗe ta, ya rubuto yawan kwanakin a littafinsa.