Lissafi Tun Daga Tsakar Gida

Yaro ɗan shekara huɗu kan rera ɗaya, biyu, uku har ashirin, iyaye su yi ta murna. Amma a ce ya miƙo dabino biyar, sai ya dumbuzo cike da hannu. Hadda ya yi, bai san adadi ba tukuna. Ga abin da za ku iya yi a gida ba tare da kun sayi komai ba.

1. Ku sa ya taɓa abin da yake ƙirgawa. Ku zube masa ƙwallayen dabino ko marafan kwalba, duk lambar da ya faɗa ya ture guda gefe. In ya gama ku ce, "To, nawa ke nan?" Da yawa sukan koma farko su sake ƙirgawa, don ba su gane lambar ƙarshe ita ce jimla ba. Ranar da ya ce "biyar" kai tsaye, an yi nisa. Daga nan ku baza ƙwallayen su yi dogon layi, ku sake tambaya. Kada ku yi mamaki in ya ce sun ƙaru. Masanin halayyar yara Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa tsawon layi kan ruɗi yara har wajen shekara 6 zuwa 7. Ba daƙiƙanci ba ne, ku bar shi ya ƙirga ya gani da idonsa.

2. Ku ba shi rabon ƙosai. Guda shida, yara uku, kowa nawa? Gobe ku ba shi bakwai ku yi shiru. Babu mai ido a kan rabo kamar yaro, kuma gardamar da za a yi kan ɗayan da ya rage ta fi darasin allo shiga kai.

3. Ranar awo, ya fara kintatar gwangwani nawa zai cika mudu, sannan ya auna da gero ya gani.

4. Ku dawo da carafke. Mai yin ta tana kwasar duwatsu ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, hannunta na koyon abin da za a kira ninkawa a firamare. Wanda ya ɗan tasa kuma, kakansa ya zaunar da shi gaban dara: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ana neman jera uku. A ganina wannan ya fi yawancin wasannin waya, ko ba komai akwai mai ce masa "sake duba dai".

5. Ku buɗe shagon wasa da kwalayen ashana da kuɗin takarda da kuka yanka, na naira 5, 10 da 20. Ku riƙa ba shi canji ba daidai ba da gangan, har ya fara kama ku. A Nijar abin ya zo da sauƙi ga manyan yara, tunda dala ɗaya sefa 5 ce, kowane ciniki ƙirga biyar-biyar ne.

6. Raka'o'in salla ma abin tarawa ne: Asuba 2, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Isha'i 4. Bayan kowace salla ya aje tsinke ɗaya a kan kowace raka'a, da dare ya haɗa ya sami 17.

7. Ku jera marafa, ja, fari, fari, ja, fari, fari, ku ce ya ci gaba. In ya iya, ku nuna masa irin wannan maimaicin a saƙar tabarma ko aikin hula.

8. Ku kawar da gyaɗa, tsakuwa da duk ƙananan abubuwa daga gaban wanda bai kai shekara 3 ba, saboda shaƙewa. Ludayi da takalma sun ishe shi ƙirgawa. Kuma a aje bulala nesa. Da ya fara hamma ko waige-waige, a tattara kaya sai gobe.