Idan @Inject ya ƙi aiki a kan Tomcat, ga inda matsalar take

A ce wani matashi da ya koyi Java a Jami'ar Ahmadu Bello ya karɓi aikin rubuta wa wata makarantar Islamiyya a Limancin Kona manhajar rajistar ɗalibai da kuɗin makaranta. Kuɗin aikin kaɗan ne, don haka ƙaramar saba zai yi haya ya ɗora Tomcat a kai. Ya sa alamar @Inject kamar yadda aka koya masa, amma da ya buɗe shafin sai NullPointerException ya tarbe shi. Da yawa a nan suke kwana suna tonon rubutunsu, alhali rubutun lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ɓace shi ne mai miƙa kayan, kuma maganin shi ne a kawo shi, ko a yi aikinsa da hannu.

Tsarin miƙa abin dogaro, wanda Martin Fowler ya yi wa fitaccen bayani a 2004, ka'idarsa ɗaya ce: ɓangaren da ke buƙatar wani abu, kamar hanyar shiga rumbun bayanai, ba shi zai ƙera wa kansa ba, daga waje za a ba shi. Kamar magini ne a kan katanga, ba ya sauka ɗaukar tubali, lebura ke cilla masa. A Java, ƙa'idar CDI da ta fito a 2009 tare da Java EE 6 ita ta tsara wannan aiki. Manyan sabobi irin su WildFly da GlassFish suna zuwa da ita a ciki. Tomcat da Jetty kuwa aikinsu karɓar buƙata da mayar da amsa ne, shi ya sa ba su da nauyi. Tomcat yana ganin @Inject ya wuce abinsa.

Abu na farko shi ne ka saka injin CDI a cikin manhajar, ko Weld ko OpenWebBeans na Apache. Idan Weld ne, kunshin weld-servlet-shaded ake so, kuma shi yake tayar da kansa idan manhajar ta tashi; a Jetty sai ka kunna sashensa na CDI. Na biyu, ka daidaita zubi da zubi, domin a nan aka fi faɗuwa. Tun Jakarta EE 9 a 2020 aka sauya sunayen javax zuwa jakarta. Tomcat 9 yana tafiya da Weld 3, Tomcat 10.0 da Weld 4, Tomcat 10.1 da Weld 5, kuma idan aka gauraya su manhajar na iya tashi ba tare da an miƙa komai ba. Na uku, ka ajiye beans.xml a cikin WEB-INF, ka kuma sani cewa a CDI 4.0 fayil ɗin da ba komai a ciki yana nufin sai ɓangaren da ke da alama irin @ApplicationScoped ko @RequestScoped za a gani. Na huɗu, duk abin da ka ƙirƙira da kanka da kalmar new, injin bai san da zamansa ba, ba zai miƙa masa komai ba.

Wani zai ce me ya hana a koma WildFly a huta? Amsar tana ga aljihu. Hayar saba yawanci da dala ake lissafa ta, babbar saba kuma ta fi cin ƙwaƙwalwa, ga kayan aiki da makarantar unguwa ba za ta taɓa amfani da su ba. Wanda yake son CDI a shirye, TomEE ya fi masa sauƙi, domin Tomcat ne da aka haɗa masa OpenWebBeans. Wani kuma zai ce Spring Boot ya raba gardama, tunda yana zuwa da Tomcat ɗinsa. Gaskiya ne ga sabon aiki, amma Spring 6 na 2022 shi ma jakarta yake so da Java 17, wato tarkon zubi yana nan.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na mai cewa ƙaramar manhaja ba ta buƙatar duk wannan. Rabin maganarsa daidai ne: injin ba dole ba ne, amma tsarin dole ne, domin shi ke ba ka damar gwada lissafin kuɗin makaranta ba tare da taɓa bayanan ɗalibai na gaske ba. Idan ɓangarorin ba su da yawa, ka haɗa su da kanka a wuri guda cikin ServletContextListener, kowanne ka ba shi abin da yake buƙata lokacin ƙirƙirarsa. Idan sun yi yawa, ka kawo Weld. Ko wanne ka zaɓa, kafin ka taɓa layi ɗaya na rubutunka, fara duba lambar zubin Tomcat ɗinka da saƙonnin da yake rubutawa lokacin tashi.