Telwa Ba Ta Mutu Ba, Tafiya Ta Yi

Jama'a, damina ta kawo kai, hukuma kuma ta sake jan kunne game da ƙoramar Telwa. Tun da kowace shekara ana faɗa, kowace shekara kuma ana asara, dole a sake zama a yi bayani.

Daga duwatsun Abzin Telwa take gangarowa. Ta biyo ta Dabaga da Azel, ta ratsa gefen Agadas, sannan ta baje a filin Irhazer, rairayi ya shanye ta. Ruwan da ke sauka a Agadas a shekara ta tsaka-tsaki bai kai milimita 200 ba, akasarinsa a Yuli da Agusta, don haka kwanakin da Telwa ke gudu ƙalilan ne. Amma ruwan da ta ɓoye ƙarƙashin yashi shi ke cika rijiyoyin lambu, shi ke raya albasa da tumatir da alkama da dabino, shi ke riƙe da goriba da gawo a bakin gaɓa. Wannan ni'ima ce daga Allah, babu mai musu.

To ina matsalar take? Mutane sun ga rairayi busasshe wata tara ko goma, sai suka ɗauka fili ne marar mai shi. Telwa kuwa kamar madugu take wanda ya tafi Bilma da ayarin gishiri. Ya bar ɗakinsa a share, ya daɗe bai aiko ba, har maƙwabci ya shiga ya shimfiɗa tabarma, wani ya ɗaure akuya, wani ma ya kafa tubali. Ran da madugu zai dawo ba ya aiko ɗan saƙo, ba ya sallama, kuma da tsakar dare ya fi son isowa, raƙumansa niƙi-niƙi da kaya. Duk abin da ya tarar a ɗakin nan waje zai yi da shi, kuma babu alƙalin da zai ba shi rashin gaskiya, domin ɗakinsa ne tun kaka da kakanni.

A lura da wannan da kyau: ba sai an yi ruwa a garinku Telwa take zuwa ba. Dutse ba ya shan ruwa. Hadarin da ya zuba can kan tsaunuka, nesa da ido, gangarowa yake ta ɗaruruwan kwazazzabai ya haɗu a hanya ɗaya, alhali a Agadas taurari na haske. Wanda ya ga walƙiya ta yi yawa wajen arewa ya san akwai magana. Sai sanyin iska ya biyo, sai a ji rugugi daga nesa. Goshin ruwan ja ne, yana ture da kumfa da itace da kashin awaki. Wanda ya tsaya kallon wannan a tsakiyar ƙorama ya makara.

Mun manta da farkon Satumban 2009? Cikin watan azumi ne katangar kariya da ke tare ruwan Telwa ta ɓalle, ruwa ya afka cikin Agadas, dubban gidajen ƙasa suka narke, aka yi rashin rayuka, iyalai suka koma kwana a makarantu. Duk da haka yau ga wasu suna gini a kan hanyar ruwa, in an yi magana su ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Haba malam! Wa ya ce maka tawakkali ya hana ɗaure raƙumi? Ranka amana ne, ran iyalinka ma amana ne, kuma za a tambaye ka. Kai direba mai kutsa mota cike da fasinja cikin ruwa don kada a ce ka ji tsoro, ka sani ruwan da ya kai gwiwa yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin taya, motar ta juye kana ji kana gani. Ka kashe inji ka jira. Sau da yawa awoyi kaɗan ne ruwan zai janye. Ke uwa, yaron da kika bari yana wasa a gaɓa ran da ƙorama ta kawo, gaɓar nan ta jiƙe, zaftarewa take ba gargaɗi. Makiyayi da matafiyi kuma, komai taushin rairayi da sanyin inuwa, kada a kwana cikin ƙorama daga Yuni har ƙarshen Satumba. A hau tudu.

Sauran abubuwan an san su. A daina saran goriba da gawo, saiwarsu ke riƙe gaɓa. Masu ɗibar yashi su nisanci gindin katanga da gada. Shara da leda ba a ƙorama ake zubar da su ba, toshe magudana suke. Injin ban ruwa ya yawaita, rijiyoyi na ƙara zurfi, sai a ja da lissafi. Kududdufan da ruwa ya bari kuwa wurin hayayyafar sauro ne: a cike su da ƙasa, a kwana cikin gidan sauro, yaron da ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti ran nan.